Ruwan Baftismar Baba

Talata, 5 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na sayi wannan littafi don in tsara tambayoyin jarrabawar 'yan aji huɗu, ga shi na ɓige da rubuta abin da ba ni da wanda zan gaya wa.

Da rana muka dawo daga asibiti, ni da Baba. Likita ya ja ni bakin taga ya yi min magana ƙasa-ƙasa. Takardar da ya ba ni na ninke ta huɗu na cusa cikin Littafi Mai Tsarki, wajen Zabura. Ba zan rubuta sunan abin a nan ba. Ya ce mu koma gida, a ba shi duk abin da ransa yake so. Shekara goma sha tara ina koyarwa, na san magana ko an lulluɓe ta.

A cikin keke napep, muna wuce Bosso, Baba ya ce, "Sabatu, me mutumin ya ce?"

Na ce, "Ya ce ka riƙa cin abinci."

"Don wannan ya kai ki har bakin taga?"

Shekara biyu ke nan da idonsa ya rufe gaba ɗaya, tun lokacin na ɗauko shi daga ƙauye na kawo shi wurina nan Tudun Fulani, a Minna. Amma kunnen nan nasa, ko tururuwa ta yi tari sai ya ji. Bai sake tambaya ba. Ya dai riƙe gefen zanena har muka sauka.

Alhamis, 7 ga Maris, shida da rabi na safe

Ina shafa masa man zafi a ƙafafu, don sun sake kumbura, sai ya ce, kamar mai cewa a miƙo masa ruwa, "Ina so a yi min baftisma."

Dariya ce ta fara kuɓuce min. Mutumin da ya shekara arba'in yana kai mutane coci bai taɓa wuce bakin ƙofa ba! Cocin ƙauyenmu a wannan gaɓar kogi yake, rabin masu bi kuma a tsallake suke. Duk Lahadi Baba ne ke fiton su a kwalekwale, ya zauna a bakin ruwa yana gyaran komarsa ta kamun kifi yana jin waƙoƙi daga nesa, in an tashi ya mai da su. Har aka manta sunan wurin na da, sai dai a ce Mashigin Gimba, da sunan Baba. Ranar baftisma kuwa yakan tsai da kwalekwalensa ƙasa da inda Fasto yake tsaye, gora a hannu, ko wani zai sulluɓe ruwa ya ja shi. Haka ya tsaya ranar ta Mama, haka ranar tawa, haka ranar ta ƙanena Irimiya. In Mama ta matsa masa sai ya ce, "In na shiga layi wa zai tare ku?" Ta yi ta roƙonsa har ta koma ga Ubangiji bai shiga ba.

Na ce, "To Baba, sai in gaya wa Fasto. Akwai wuri a bayan cocinmu."

Ya ce, "A mashigi. Inda aka yi wa uwarku."

Na ci gaba da shafa mai. Hannuna bai tsaya ba, ko banza na yaba wa kaina da wannan.

Alhamis, bakwai na yamma

Ban gaya masa ba.

Asabar, 9 ga Maris, sha biyu na rana

Bari in rubuta shi a nan tunda na kasa faɗa da baki. Babu ruwa a mashigi.

Tun da damina ta ɗauke bara aka rufe ƙofofin sabon dam ɗin da aka gina can sama da garinmu, wai sai tafkin ya cika sannan injinan wuta za su yi aiki sosai. An ce ana sakin ɗan wani abu don mutanen ƙasa. Wannan ɗan abin ma, gonar rake ta kamfani da manyan injinanta na ban ruwa suna shanye shi kafin ya iso gare mu. Da Kirsimeti na je na gani da idona: yashi fari fat daga gaɓa zuwa gaɓa, 'yan acaɓa suna ƙetarewa da buhunan doya. Kogin da tun kakanni ba a taɓa ganin ƙasansa ba, ko a shekarar fari. Da na dawo Baba ya tambaye ni yaya ruwa, na ce lafiya lau. Na ce wa raina me amfanin ɗora wa makaho baƙin cikin da ba zai gani ba. Duk wanda ya zo gaishe shi daga gida sai na tare shi a ƙofa na ja masa kunne.

Yau na buga wa Kudu, ɗan ƙanen Baba da ke zaune a gidanmu na ƙauye, ko an samu sauyi. Ya ce, "Yaya, mata tonon yashi suke yi su samu na girki. Wane sauyi?"

Abin kunyar shi ne wuta ta gyaru a unguwarmu. Firijina yana yin ƙanƙara, fanka tana juyawa a kan Baba yini guda. Makon da aka fara, har rawa na taka a tsakar gida.

Lahadi, 10 ga Maris, uku na rana

Fasto Istifanus ya biyo ni gida bayan sujada. Mutumin kirki ne, yaro ne dai, a Sabon Gari ya girma, ina jin ko iyo bai iya ba. Ya zauna a gaban Baba ya yi masa tambayoyin da ake yi wa 'yan ajin baftisma. Baba ya amsa su duka, har ayar da Fasto ya fara shi ya ƙarasa masa. Fasto ya tambaye shi a ina ya koya. Ya ce, "Ruwa yana kawo murya. Shekara arba'in ina shan wa'azi a bakin kogi."

Sai Fasto ya kawo maganar kwamin siminti da ke bayan coci, ya ce za a cika shi da ruwan tanka, a ɗan dumama saboda jikinsa.

Baba ya ce, "Ni kaza ce, da za a tsoma a ruwan zafi a fige?"

Fasto ya yi dariya har da hawaye. Ya ce Allah ba ya duba irin ruwa, zuciya yake dubawa. Baba ya ce ya sani, ba don Allah yake son mashigi ba, don kansa ne. "Allah yana ko'ina. Ni ne ba na ko'ina."

Da na raka Fasto bakin titi na buɗe baki zan gaya masa gaskiya, sai na ji na ce ya gai da madam.

Talata, 12 ga Maris, takwas na safe

Cokali uku na kunu. Jiya biyar ne.

Alhamis, 14 ga Maris, huɗu na yamma

Irimiya ya zo. Direba ne a kamfanin dam, shi ke jigilar injiniyoyi. Na ja shi bayan gida wajen igiyar shanya na sauke masa duk abin da ke cikina. Na ce kun shanye kogin ubanku kuna yawo a mota mai sanyi. Ya ce, "Ni sitiyari nake riƙewa, Yaya, ba ƙofar dam ba." Na ce to je ka roƙi oganka ya buɗe mana na yini ɗaya. Ya dube ni kamar na zautu. Ya ce ko manaja ba shi da wannan iko, daga sama ake ba da oda, kuma ko an buɗe sai ruwa ya kwana biyu yana cika yashi kafin ya nuna a mashigi. Ya ce ma ana shirin wani dam ƙarami a rafin da ke shigowa ta gabas, har an kafa tutoci. Na gaya masa maganar da bai kamata in gaya wa ƙanena ba. Ya share ido da bayan hannu, sai na tuna shi ma uban nan nasa ne.

Can ya ce, "Ai ruwan yana nan, Yaya. Yana sama, a tafki. Shi ne dai, tare shi aka yi. Akwai wani gefe mai gangare, mota na isa har baki. Baba ba ya gani."

Na ce ƙarya za mu yi masa ranar baftismarsa? Ya ce, "Wata uku kina yi masa, sai yau za ta yi miki nauyi?"

Ban ce na yarda ba. Na dai tambaye shi ƙarfe nawa zai zo da mota.

Juma'a, 15 ga Maris, shida na yamma

Na goge masa farar rigarsa. Na gaya wa Fasto a tafkin koginmu za a yi, ban gaya masa cewa Baba mashigi muka ce masa ba. Baba yana ta waƙa ƙasa-ƙasa tun safe. Ya shanye kofin kunu duka, har ya nemi ƙari.

Asabar, 16 ga Maris, shida na yamma

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ni ce ke koya wa yara wannan, yau ga ni a ciki da ƙafafuna biyu.

Tun a hanya ya soma. Ya ce yaushe aka shimfiɗa kwalta har gida. Irimiya ya ce kwanan nan ne. Ya ce to madalla. Da muka tsaya ya fito ya ɗaga hanci. Tafkin faɗi ne da shi, ba ka ganin ƙarshensa, kawunan itatuwa sun leƙo daga ciki. Ni da Irimiya muka kama shi ta kowane gefe, Fasto yana gaba yana taka ruwa a tsorace. Ruwa ya kai masa idon sawu, ya kai gwiwa. Sai ya tsaya.

Ya sa yatsun ƙafa yana lalube. Ya ɗan matsa gaba, ya sake tsayawa.

"Kunya nake takawa," in ji shi. "Wannan gonar wani ce. Ga kututturen dawa."

Irimiya ya ce, "Baba, ruwa ne ya ɗan hau gaɓa."

"A watan Maris?" Ya sunkuya ya tsoma hannu, ya bar shi a ciki yana jira. "Ruwan nan ba ya zuwa ko'ina. Sabatu. Ina kuka kawo ni?"

Ba da faɗa ya tambaya ba, da ma faɗan ya yi da na fi samun sauƙi. A tsaye cikin ruwa na gaya masa komai, dam da rake da yashi da 'yan acaɓa, da mutanen da na riƙa tarewa a ƙofa. Fasto ya sunkuyar da kai, Littafi a hammata. Baba ya saurara har na gama. Ya ce, "Ku fitar da ni daga gonar mutane."

Muka juyo Minna. Farar rigar ko jiƙa ba ta yi ba.

Lahadi, 17 ga Maris, sha biyu na rana

Ban je coci ba. Ya juya fuska bango. Na kai kunu, na dawo da kunu.

Litinin, 18 ga Maris, biyar na yamma

Haka nan.

Talata, 19 ga Maris, bakwai na safe

Ina share ɗakinsa a hankali kada in tashe shi, sai na ji ya ce, "Kashe fankar nan." Na kashe. Na durƙusa gefen gado na ce ya yafe min. Ya lalubo kaina ya dafa, kamar da, in zazzaɓi ya kama ni ina ƙarama.

Ya ce, "Ba ƙaryar ce ta fi min ciwo ba. Abokina ya kwanta jinya tun kaka, ina nan ina cin tuwo, ban je na duba shi ba."

Sai da na yi jim sannan na gane kogin yake nufi.

Ya ce a kai shi. Na ce Baba babu komai can sai yashi da rana, ga jikinka, ga hatsarin hanyar Kuta. Ya ce, "Likitanki bai ce a ba ni abin da raina yake so ba?" Ashe duk ya ji, tun ranar.

Na tambayi Kudu lafiyar hanya, ya ce kwanan nan shiru ne, mu dai taso da hantsi mu iso da wuri. Na nemi izini a makaranta. Na buga wa Fasto in ba shi haƙuri, bai bari na gama ba ya ce a ajiye masa kujera a motar, ko addu'a ce ya yi.

Juma'a, 22 ga Maris, biyar na yamma, a gida

Mun iso. Bai yarda ya shiga ɗaki ba sai an kai shi mashigi. Irimiya ya goya shi ya sauka gangaren, a ƙasa ya ce a sauke shi, ya cire takalmi. Yashin da zafi amma ya taka. Ya dafa kafaɗata muka yi ta tafiya a tsakiyar kogi. Wani ɗan acaɓa ya zo wucewa, da ya gane shi sai ya kashe mashin ya tura da hannu har ya wuce mu.

Can muka tarar da Garuba, Bafulatanin rugar tsallake, tsohon abokin Baba, shi da shanunsa a bakin wani ɗan rami da ya tona. Ruwan ciki bai fi ya cika daro ba, ɗaya bayan ɗaya yake shayar da su. Shanun duk haƙarƙari a waje. Da ya ga Baba sai ya yar da ƙwarya.

"Gimba! Kai ne ko fatalwarka?"

"Ni ne, Garuba. Shanunka ya ƙare ko da saura?" Hausar Baba ke nan ta kasuwa, mu a gida da yarenmu yake mana magana.

"Saura kaɗan, Bagwari. Ka tafi birni ka tafi mana da ruwa."

Suka rungume juna suna zagin wasa, hawaye na bin gemun Garuba. Shekara da shekaru Baba ne ke fiton matan rugarsu da ƙoren nono ranar kasuwar Kuta. Da aka gaya masa abin da muka so yi ya gagara, ya dubi ɗan raminsa ya ce, "Nan ko ɗan maraƙi ba zai jiƙe ba."

Baba ya ce ai a banza yake tono a wurin. Ya sa aka kai shi gindin tsohuwar ɗorawar da ke gaɓa, ya ba ta baya, ya yi taku ashirin da bakwai, ya buga diddige. Ya ce, "Nan gorata ba ta taɓa kai ƙasa ba, ko da rani. Akwai dutse a ƙasa ya yi kwano. In ruwa ya rage a kogin nan, nan yake kwance." Kudu ya ce ai yashi ya cike gurbin tun bara. Baba ya ce yashi ba ya korar ruwa, rufe shi kawai yake yi. Gobe za a tona.

Asabar, 23 ga Maris, goma na safe

Ina zaune ƙarƙashin ɗorawa ina rubutu a kan gwiwa, don hannuna na bukatar abin yi.

Tun da gari ya waye suke tono, Kudu da Irimiya da mazan coci huɗu, da Garuba da ke azumi. Na hana shi, ya ce in shiga harkata. Tunda ruwan ba zai yi zurfin da mutum zai tsaya a ciki ba, Fasto ya ce a yi ramin da tsawo, yadda za a kwantar da Baba.

Kudu shi ne mai haƙar kabari a garinmu. Da ya ji an ce da tsawo bai yi wani tunani ba, ya je ya karyo karan dawa, ya zo inda Baba ke kwance a tabarma ya shimfiɗa karan daga kai zuwa ƙafa, ya karya shi daidai diddige. Hannunsa ne ya yi, ba shi ba. Sai da ya miƙe ya ga fuskokinmu sannan ya gane.

Baba ya ji taɓin kara a jikinsa, ai ya san shi. Ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Kudu, ka yi daidai. Adana shi, kada ka sha wahala sau biyu."

Ba wanda ya yi dariya sai Garuba, shi ma daga baya ya juya yana fyace hanci.

Ramin ya kai musu ƙugu yanzu. Yashi na ta ruftawa, sun tokare gefe da tsohon kwanon rufi da katako. Ba na son kallon siffarsa. Irimiya ya ɗago yana nuna min shebur, yashin da ke kai ya yi duhu.

Asabar, biyar da rabi na yamma

An yi.

Ruwan ya riƙa tsattsafowa a hankali, sai da rana ta take sannan ya kai kamu ɗaya. Garuba ya tsare shanunsa can nesa, suna jin ƙamshin ruwa suna kuka, shi da sanda a gabansu, leɓensa a bushe. Matan gari suka zo da bokitai suka jera, ba wadda ta ɗiba. Mutanen tsallake ma suka zo, da ƙafa, waɗanda ya yi ta fito tun suna goye. 'Yan zumuntar mata suka ɗauki waƙa.

Irimiya da Kudu suka sauka da shi. Fasto ya durƙusa a ciki, ruwa ya kai masa cinya. Ya tambayi sunan da Baba zai ɗauka, ni na ba da shawarar Yona. Baba ya ce, "Wanda kifi ya haɗiye? Ni na ci kifi ya fi dubu. Bar min Gimba, da shi uwarsu za ta gane ni."

Suka kwantar da shi da baya, hannun Fasto a ƙeyarsa. Na ji "cikin sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki," sai ruwa ya rufe fuskarsa. Daga inda nake tsaye, abin da na gani shi ne ubana cikin fararen kaya, kwance a ƙasan rami, mutane kewaye suna waƙa. Na ƙwalla ihu. Ban san na yi ba, an ce har shanu sai da suka firgita.

Sai ya taso. Ya furzar da ruwa, ya shafa fuska, ya lashi leɓe. Ya ce da yarenmu, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Shi ne."

Ya ƙi a ɗauke shi. Da ƙafarsa ya hau, yana dafe da ni da Irimiya, jikinsa na karkarwa, yana murmushi kamar ango. Da na lulluɓe shi da zane ya ce, "Garuba, me kake jira? Kawo dabbobin nan kafin matan nan ya shanye." Mata suka ce sai sun fara ɗiba, aka yi ta cacar baki ana dariya, aka daidaita a kan bokiti goma sannan shanu.

Ban taɓa jin daɗi da tsoro sun haɗu a ƙirjina kamar yau ba.

Litinin, 25 ga Maris, shida na yamma, Tudun Fulani

Na dawo ni kaɗai. Ya ce ba zai koma Minna ba. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi lallashi, ya ce in je in yi wa 'ya'yan mutane jarrabawa. Irimiya ya ɗauki hutu zai zauna da shi. Kullum da safe sai an goya shi zuwa gindin ɗorawa, ya zauna yana jin ƙarar bokitai, yana tsawata wa mata kada su rufta gefen rami.

Ɗakinsa yana warin man zafi. Na ja ƙofar.

Alhamis, 28 ga Maris, huɗu na yamma, a gida

Na gama jarrabawa na dawo. Ya rame cikin kwana uku kamar wata uku. Kudu ya ce ruwan ramin na raguwa da yatsa ɗaya kullum, sun ƙara zurfi sau biyu, shanun Garuba biyu da suka kwanta sun tashi. Na je na duba na dawo, Baba ya ce, "Yaya ruwa?" Na ce yana raguwa, Baba. Ya ce, "Yauwa. Haka ake ba da labari."

Lahadi, 31 ga Maris, ɗaya na rana

Ista. Ya ce a shigar da shi coci. Karo na farko da ya zauna a benci, kansa a kafaɗata. Da aka tashi na tambaye shi yaya ya ji, ya ce daga waje waƙar ta fi daɗi.

Litinin, 1 ga Afrilu, biyar na yamma

Ruwa kawai, da cokali. Garuba ya kawo madara, ya zauna a bakin ƙofa har la'asar.

Talata, 2 ga Afrilu, biyu na rana

Da hantsi. Ina riƙe da hannunsa, Irimiya yana riƙe da ɗayan. Bai sha wahala ba.

Laraba, 3 ga Afrilu, biyar na yamma

Mun kwantar da shi kusa da Mama. Mutanen tsallake duk sun zo. Garuba ya tsaya daga gefe, sanda a wuya, har aka gama.

Kudu ne ya yi haƙar. Da safe na gan shi a bakin ɗakin da Baba yake, na ɗauka awo ya zo yi, na matsa in ba shi hanya. Ya girgiza kai. Ya miƙa hannu sama ya zaro karan daga cikin jinka, inda ya soke shi.

Ya ce, "Yaya, ya ce in adana."